Jar fitilar Baba: littafin gyara daga Gadarif ta ƙasar Sudan

Juma'a, 10 ga Janairu, 2025

Bayan an sauko daga masallaci Inna ta aike ni in ɗauko tsohon bargo a cikin adakar Baba, Allah ya jiƙansa, don sanyin asuba yana damun 'ya'yan yayata da yaƙi ya koro mana daga garin Madani. Ina ɗaga bargon sai ga fitilar. Jar nan. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san ta, amma rabona da ganinta a kunne tun ina firamare. Daga Jidda Baba ya zo da ita lokacin da ya yi zaman aiki a can, kuma bai taɓa yarda wani ya kunna ta ba, har Inna.

Mutanen Hijaz itrik suke ce wa irin waɗannan fitilu, mu a nan ratina, dangi na Najeriya kuma fitilar gas. Sai dai wannan ba irin ratinar da muka saba ba ce. Tamu kananzir take sha, wanda muke kira jaz. Wannan banzin take sha, wato fetur. Baba ya sha faɗin haka, ni kuwa ban taɓa tambayarsa inda bambancin yake ba.

Na goge ƙurar. A wuyanta an rubuta 200A, a jikin tanki Coleman, a ƙarƙashi kuma Wichita ta jihar Kansas a Amurka, da lambobi biyu, 3 da 78. Watan da aka ƙera ta ke nan da shekarar. Ta girmi matata.

Saura kwana hamsin azumi ya kama. A layinmu waje ake shimfiɗa tabarmi a yi buɗa-baki tare, duk wanda ya zo wucewa a tare shi ya zauna. Bara da fitilun waya muka ci asida, wani na haska kwano wani na haska fuskar mutane. Bana ina so wannan fitila ta rataya a bakin rakuba, wato rumfarmu ta ciyawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa na fara tun yau. Sana'ata gyaran keken ɗinki ce, kuma ta koya mini cewa hannu yana manta yadda ya kwance abu, don haka duk abin da na taɓa zan rubuta shi a nan.

Halin da take ciki: gilashi lafiya lau, abin mamaki. Raga, 'yar jakar saƙa da ke ba da haske a cikin gilashin, babu, ta zama toka tuntuni. Famfo yana shiga yana fita ba ya kama komai. Cikin tanki yana wari irin na tsohon fenti.

Asabar, 11 ga Janairu

Na zare famfo. Fatar da ke kansa ta bushe kamar ƙirgi amma ba ta tsage ba. Na jiƙa ta cikin man keke, na riƙa buɗe bakinta da yatsa a hankali har ta koma kamar ƙaramin ƙoƙo. Na mayar, ta kama iska. Akwai rami a kan maƙallin famfon, sai ka toshe shi da babban yatsa sannan yake turawa, kuma sai ka murɗa shi hagu kafin ka fara, ka mayar da shi dama in ka gama. Na ɗau lokaci kafin in gane wannan, ina ta zargin fata.

Da la'asar labari ya iso cewa sojojin gwamnati sun ƙwato Madani. Gidan ya ruɗe, yayata tana kuka tana dariya. Na tattara kaya.

Talata, 14 ga Janairu

Iska tana shiga, ba ta zama. Na shafa ruwan sabulu a duk wata mahaɗa, kumfa ya tashi a bakin murfin mai. Robar ciki ta ƙandare ta koma kamar dutse, da tsinin allura na ƙwaƙule ta. Na so in yanko wata daga tsohon tiyub ɗin keke, sai mai gyaran babura da ke kusa da shagona ya hana ni, ya ce fetur yana cin irin wannan roba, ya ba ni wadda ake sa wa a kaburaita. Da ɗan gyara ta shiga. Na yi famfo, na ajiye ta kwana ɗaya, da safe na kwance murfi ta yi tsaki mai ƙarfi. Madalla.

Cikin tanki na zuba ƙananan notuna da ɗan fetur na girgiza har kafaɗata ta ƙage. Abin da ya fito ja ne kamar ruwan karkade, wato zoɓo. Sau huɗu na maimaita, sannan na ƙirga notunan don kada ɗaya ya maƙale. Na leƙa da tocila, tsatsar sama-sama ce, ba ta ci ƙarfen ba. Da ta huda shi da a nan aikin ya ƙare, don tankin da zai riƙe fetur da matsin iska ba abin da za a yi wa faci ba ne.

Juma'a, 17 ga Janairu

Na kai ta wurin Kawu. Kafin lantarki ya wadatu, sana'arsa ba da hayar ratina ce a gidajen biki da zaman makoki, yana da su fiye da ashirin a lokacin, da yaro mai zagayawa yana ƙara musu iska. Yanzu idonsa ya yi rauni amma hannunsa yana gani. Aka kawo jabana, gahawarmu, ya ɗora fitilar a cinya yana shafa ta kamar ɗan akuya.

Ya ce, “Ɗan nan, me kake tsammani take ƙonawa?”

Na ce, “Mai mana, Kawu.”

Ya ce a'a, fitilar ƙwai ce ke shan mai ta lagwani. Wannan tururi take ci. Duk ƙarafan nan da nake gani aikinsu ɗaya ne, su dafa mai ya zama tururi kafin ya isa wurin wuta. Ya kama siririn bututun tagulla da ke tsaye a tsakiyar gilashi, dab da inda raga take rataya, ya ce ga tukunyar nan.

Ga yadda na fahimci bayaninsa, da abin da na ƙara gani da idona. Famfo yana cusa iska a saman tanki, iskar tana danne mai, man yana hawa ta cikin wannan bututu. Masu ƙera ta janareta suke kiransa, amma tunda a nan in ka ce janareta kowa injin wuta zai tuna, zan riƙa ce masa bututun tururi. Zafin raga yana dukan bututun, man da ke ciki ya tafasa, ya kumbura ninki fiye da ɗari, ya rasa mafita sai ɗan ƙaramin rami a can ƙoli wanda muke kira foniya, irin ta risho, ramin da ko allurar keke mafi siranta ba za ta shiga ba. Tururin yana fita da gudu, gudun nan ne yake jan iskar waje ta wani bututu mai faɗi, su gauraya, su yi kwana su sauko cikin raga, a nan suke kamawa. Kilo ɗaya na fetur yana bukatar kusan kilo 15 na iska kafin ya ƙone tsaf. In iskar ta gaza, harshe ya yi ja ya yi hayaƙi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wutar kanta ba ta da haske. Shuɗiya ce, kamar ta murhun gas. Raga ce ke haske. Ita kuwa raga tsumma ce da aka jiƙa da gishirin wasu ma'adinai, in aka ƙona ta zaren ya tafi, tokar ta tsaya da siffar saƙar, in zafi ya buge ta sai ta yi fari fat. Wani masani ɗan Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, shi ya gano haɗin da ya yi aiki a 1891, kashi 99 toriyam, kashi ɗaya siriyam. Na yanzu da yawa an sauya musu sinadari zuwa itiriyam, don toriyam yana da 'yar guba ta nukiliya. Ko wace iri ce, ranar ƙona ta da fari a fili ake yi, a juya wa hayaƙin baya.

To sai ga ƙulli: raga ba ta zafi sai da tururi, tururi ba ya samuwa sai raga ta yi zafi. Wa zai fara? Kawu ya yi dariya, ya ce a ratina sibirto, wato ruwan sifirit mai kama wuta, shi ke raba gardama. Akwai ɗan ƙoƙo a gindin bututun, ka cika shi da sibirto, ka kunna, ka naɗe hannu ka jira har ya kusa cinyewa, sannan ka buɗe mai. Ya laluba jikin tawa bai ji ƙoƙo ba. Ya ce, “Wannan ubanka da ashana ɗaya yake tayar da ita. Yadda yake yi kuwa, bai nuna mini ba.”

Ya ba ni raga biyu daga cikin ajiyarsa, ƙanana. Ya ce kada in sa raga mai lamba 500 ta babbar ratina, wutar wannan ba za ta cika ta ba.

Lahadi, 19 ga Janairu

Wuta ta ɗauke gaba ɗaya. Jirage marasa matuƙa suna ta kai wa tashoshin lantarki hari a wannan wata, yanzu abin ya iso mu. Sai na ga ai ranar gwaji ta yi.

Na ɗaura raga, na ƙona ta, na zuba fetur, na yi famfo talatin, na sa ashana, na buɗe dabaran mai, abin murɗawar da ke sakin mai, har ƙarshe. Abin da ya biyo baya ba na so in sake ganinsa. Mai ya fito ruwa tsamo-tsamo, ya ɗigo ta raga, wuta ja ta tashi ta fito ta saman hular har ta wuce kaina. Allah ya sa a tsakar gida nake, a kan ƙasa, nesa da rakuba. Na rufe dabaran, na ja baya, na bar ta ta cinye abin da ya riga ya fito. Minti ɗaya ko biyu ta lafa. Gilashi ya yi baƙi ƙirin, gefen girata ya tafi.

Inna ta leƙo ta ce, “Kai da ubanka duk ɗaya, sai kun ƙone mini gida.” Ashe shi ma ya taɓa yi.

Da safe na wanke dabaran da sabulu, sai ga rubutu a jikinsa da datti ya rufe. Ɗan yayata ya karanta mini: a buɗe rubu'in juyi zuwa hagu a kunna, sai raga ta yi haske sannan a buɗe duka. Rashin sani ya fi dare duhu, ga amsa a ƙarƙashin yatsana ina neman ta a gidan Kawu.

Laraba, 22 ga Janairu

Na sake gwadawa da rubu'in juyi. Ta fi ta ranar Lahadi ladabi, amma har yanzu ja ce, tana hayaƙi. Na kwance hula da gilashi, na zura waya cikin bututun iska, ta tsaya a rabi. Na ƙwanƙwasa, sai ga busasshen laka yana zubowa da ƙafafun gizo-gizo. Zanzaro ya yi gini a ciki, wa ya san shekara nawa. Raga ɗaya ta tafi a wannan aiki, saura ɗaya.

Juma'a, 24 ga Janairu

Yau bututun tururi na kwance. Noti ɗaya ne ke riƙe da shi a gindi. A ciki akwai abu uku: doguwar allura mai ƙugiya a ƙasa, waya murɗaɗɗiya, da wani farin bututu mai kama da takarda. Allurar ita ce mai share foniya, tana maƙale da ɗan hannun da ke gefe, in ka juya shi ta hau ta soki ramin ta sauko, kuma dole hannun ya kalli ƙasa in fitila tana ci. Wayar da farin bututun aikinsu su rage wa mai gudu su kuma raba masa zafi, don kada ya tafasa a birkice fitila ta riƙa numfashi, haske na ƙaruwa yana raguwa. A tsofaffin fitilu farin nan yakan kasance asbestos, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, don haka ban hura shi da baki ba, ban kankare shi a bushe ba, a jiƙe na taɓa shi.

Duk sun yi baƙi da gawayi. Laifin man mota ne. Ita wannan fitila an yi ta ne don wani farin fetur marar gauraye, wanda ba a samunsa a Gadarif. Na mota yana ɗauke da sinadaran da injin ke so, su kuwa in an dafa su a cikin ɗan bututu sai su bar ƙanzo. Babu yadda zan yi, sai dai in san cewa shara za ta zama ta kullum.

Bututun tagullar shi kaɗai na gasa a kan gawayi, na tsoma a ruwa, gawayin ciki ya farfashe ya zubo. Foniya na jiƙa ta a ruwan lemun tsami, ban sa mata allurar ɗinki ba ko da wasa, don in ramin ya ƙara faɗi ko kaɗan mai zai fi iska yawa har abada. Tsinin allurarta siriri ne kamar gashi, mayar da shi sai da na riƙe numfashi.

Na haɗa, na gwada. Rubu'in juyi, ashana: ruwa ya sake fitowa. Na rufe da sauri. Da ta huce sai na bi hanyar Kawu. Na huda murfin kwalba na ƙarfe, na lanƙwasa bakin hudar sama, na zura shi a gindin bututun, na zuba sibirto na kunna, na jira. Da ya kusa mutuwa na buɗe mai. Ta yi fuu, raga ta cika, tsakar gida ta yi fari har kaji suka motsa a akurki. Yara suka yi ihu.

Na yi murna, amma ban gamsu ba. Ta ci, sai dai ba da ashana ɗaya ba. Wannan gwaji ya nuna mini daga bututun tururi zuwa sama komai lafiya. Ciwon yana ƙasa, cikin tanki.

Alhamis, 30 ga Janairu

Kwana uku ina tsoron wannan aiki, don sai an murɗe dukan bawul ɗin daga kan tanki, kuma in ka yi ƙarfin hali wuyan tankin ya lotsa shi ke nan. Na juye mai, na bar ta a buɗe ta sha iska, na naɗe tanki da tsumma, ƙanena ya riƙe, na sa sifana. Ya yi ƙara ɗaya ya saki.

Abin da ya fito shi ne sirrin Baba. Bututun da ke nutse cikin mai ba ɗaya ba ne, biyu ne, wani cikin wani, kamar kara a cikin gora. Na waje yana da ɗan rami a can sama, wurin da mai ba ya kaiwa, iska ce kawai, yana kuma da wani a can ƙasa cikin mai. A tsakiya akwai siririn sanda da ke zaune kan sifirin. In ka buɗe rubu'in juyi, sandan yana nan cikin ramin ƙasa ya kusa toshe shi, mai kaɗan ne ke samun hanya. Iskar da ka cusa da famfo sai ta shiga ta ramin sama, ta gangara tsakanin bututun biyu, ta kwashi ɗan man nan ta yi sama da shi kamar feshin turare. Wannan feshi ashana tana kama shi ko bututu da sanyi. Shi ne yake ci a raga, ya gasa bututun tururi. In ka buɗe duka, sandan ya ɗaga, mai ya cika hanya ya rufe wa iska ƙofa, daga nan zallan mai ke hawa, a lokacin kuwa tukunya ta riga ta yi zafi.

Ashe ita ma ana ɗumama ta. Da kanta take yi, da iskar cikinta, a cikin wannan minti na farko da take tari tana tsartuwa. A tawa ramin sama ne ya toshe da daskararren tsohon mai, shi ya sa ko a rubu'in juyi ruwa take turowa.

Wannan ya warware mini wasu abubuwa biyu da nake gani ban gane ba. Na farko, dalilin da bakin zuba mai yake a kafaɗar tanki: don kada a cika shi. In ka karkata ta ka ɗura har wuya, ka cinye wurin iska, ka nutsar da ramin sama, dabarar ta mutu. Na biyu, dalilin da Baba yake ƙara famfo da zarar ta kama: tayarwar ta sha iskar.

Kuma wannan dabara, fetur kaɗai take yi wa aiki. Fetur yana tashi tururin da zai kama wuta ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Kananzir sai ya kai wajen digiri 38 sama da sifili kafin ya fara, tafasarsa kuma sai an haura 150. Shi ya sa ratinar Petromax, wadda Max Graetz ya fito da ita a Balin ta Jamus a 1910, bututunta yake da zobe da ya kewaye raga don ya ƙara shan zafi, kuma ba ta tashi sai da sibirto ko da ɗan hurawutar da ke gefenta. Su ma na fetur ba haka suka fara ba. Kamfanin Coleman ya fito da fitilarsa ta farko ta ɗauka a hannu a 1914, kuma na wancan zamani da tsumman sibirto a kan waya ake gasa musu bututu. Daga baya aka yi masu lanƙwasasshen bututu da ake ɗumamawa da ashana biyu. Sai a 1928 aka kawo wannan dabara ta bututu cikin bututu. Shekara hamsin cif tsakaninta da fitilar Baba, ba su ga abin sauyawa ba.

Na jiƙa bututun nan na cikin tanki a tina, ruwan narkar da fenti, na buɗe ramin da silin waya ɗaya, na goge sandan har ya yi ƙyalli, na ɗan ja sifirin saboda ya riga ya gaji. Na shafa abin toshe zare mai jure mai, na ɗaure, na bar shi ya kwana.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ruwan sabulu: babu kumfa. Mai kashi uku cikin huɗu. Famfo talatin. Na juya hannun allura sau uku na bar shi yana kallon ƙasa. Na kunna ashana na shigar da ita tukuna, sannan rubu'in juyi. Iska ta fara fita, sai tari, sai ɗan harshe ja, na ƙirga a zuci ban kai arba'in ba raga ta yi fari. Na ƙara jira kaɗan, na buɗe duka, na ƙara famfo ashirin.

Ashana ɗaya.

Inna tana zaune a kan angarib, gadonta na igiya, ba ta ce komai ba. Can sai ta ce ƙarar ce ta tuna mata, ba hasken ba.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Kwana takwas lafiya, jiya ta koma gidan jiya: ja, hayaƙi, ɗigo. Har na ɗauko sifana, sai na tuna sabon mai na zuba, wanda na saya a kwalba a bakin hanya don layin gidan mai ya fi ƙarfina. Na ɗiga shi a farar takarda, na ɗiga ragowar tsohon a gefe. Tsohon ya bushe bai bar komai ba. Sabon ya bar tabon maiƙo. An haɗa shi da jaz ko man dizal.

Ban koma wurin mai kwalbar ba, me zan ce masa, shi ma wataƙila haka aka sayar masa. Mai kuma ya yi tsadar da ba a zubarwa. Na mayar da ƙoƙon murfin kwalba, da sibirto tana tashi, tana ci, ko da yake hasken ya ɗan yi rawaya kuma sai na riƙa juya allura a kai a kai. Zan lallaba da shi har ya ƙare. Daga yau duk man da zan saya sai takarda ta shaida, kuma sai na tace shi da tsumma a mazurari.

Abu ɗaya game da sibirto: harshensa ba ya ganuwa sosai in akwai haske. Kada a ƙara shi a ƙoƙon da ake zaton ya mutu. In ɗumamawar farko ba ta isa ba, a bari komai ya huce a sake daga farko.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Maƙwabcinmu ya ga tawa tana ci, ya fito da tsohuwar ratinarsu, ya ce tunda jaz ya yi wuya zai zuba mata banzin, ai duk mai ne. Na ce, “Don Allah Alhaji, a bar wannan magana.” Bai ji ba, sai na tura yaro ya riƙo hannun Kawu.

Kawu bai yi dogon bayani ba. Ya ce, “Alhaji, yaya kake kashe ratina?” Ya ce a kwance noti iska ta fita. Kawu ya ce to, in jaz ne a ciki iska ce za ta fita, in banzin ne tururinsa ne zai fita, ga raga tana ci tazarar taƙi ɗaya. Ya ƙara da cewa bawul ɗin famfon ratina a nutse yake cikin mai, ranar da ya gaza mai ne zai biyo famfo ya fito maka a hannu. Na duba tawa da wannan ido: ba ta da notin sakin iska ko ɗaya, da dabaran mai ake kashe ta, famfonta yana kullewa da zare, kuma iskarsa ta wani ɗan bututu take bi ta fita a saman mai. An gina ta da tsoron fetur tun daga tushe. Murfinta ma ba a kwance shi sai ta huce sarai, kuma nesa da murhu, don tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe har ya sami garwashi.

Alhaji ya mayar da ratinarsa ɗaki. Na yi masa alkawarin duba masa fatar famfo in ya sami jaz.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Matata ta yi mini lissafi, kuma gaskiyarta. Kuɗin man da fitilar nan za ta sha a wata ɗaya ya isa a sayi 'yar fitilar sola, wadda ba ta ƙona gira ba ta ƙona gida. A ɗaki sola muke kunnawa, kuma haka za a ci gaba, don wannan ba ta ɗaki ba ce ko kaɗan, tana cin iskar numfashi tana fitar da gubar da ba a gani ba a jin warinta. Amma 'yar sola ba ta haska tabarma shida. Mun daidaita: awa ɗaya da rabi kullum, daga kiran magariba zuwa a watse, kuma maza uku na layin sun ce za su sa hannu a kuɗin mai.

Na kafa ƙugiya a jikin sandar ƙarfe, kamu biyu nesa da ciyawar rakuba, don hular tana zafin da za ta kama kara. Na samo raga huɗu a kasuwa wurin masu kayan risho.

Asabar, 1 ga Maris, 1 ga Ramadan 1446

Na kunna ta saura minti goma a kira salla, don kada hannu ya yi rawa da yunwa. Ta tashi a karo ɗaya. An ga balila, an ga asida, an ga wanda ya sha hilu-mur kofi uku. Direban wata babbar mota da aka tare ya tambaya ko ta sayarwa ce. Kawu ya zauna dab da ita, ya ce a ƙara mata iska tun kafin ni in lura hasken ya sauka, da kunne ya ji.

Talata, 4 ga Maris

Ƙwari sun yi yawa, wani babban fara ya shiga ta ƙasa ya huda raga. Na kashe nan take, don harshen da ke fita ta hudar raga yana fasa gilashi, gilashin nan kuwa babu irinsa a garin nan. Saura raga uku. Gobe zan yanko 'yar ragar waya in kewaye ramukan ƙasa, ban da bakin bututun iska. Ranar Juma'a kuma in sake kwance bututun tururi in ga yawan ƙanzon da man mota ya tara a mako biyar, in ya yi yawa in aika wa ɗan Kawu da ke Jidda ya nemo mini sabo guda biyu.